Ƙararrawa Shida da Turmi Ɗaya

Abin da na fara gani ranar da muka sauka a Whalley Range shi ne ƙararrawa shida a jikin ƙofa ɗaya. Na tsaya ina ƙirga su, Baba yana laluben makulli, ruwa yana ɗiga daga bakin rufi a kan akwatinmu. Kowace da 'yar takarda a gefenta, wata da suna, wata tawadar ta jiƙe ta narke. Tamu ce ta uku. Shekarata tara a lokacin, kuma a gidan kakata da na baro a Kano ba a danna komai. Sallama ake yi daga zaure, kafin a amsa ma mutum ya riga ya kai tsakar gida. Na tambayi Mama a hankali ko mutanen gidan nan duk 'yan uwa ne. Ta ce ba su ma san sunan juna ba. Washegari na farka na kasa kunne ina jiran ƙarar daka daga maƙwabta, irin wadda nake tashi da ita tun ina goye. Ban ji komai ba sai bututun hita yana ƙwanƙwasa kansa a cikin bango.

Na san shekaruna ba su kai na masu cewa a zamaninmu ba. Har yanzu kayan makaranta nake sawa. Amma na ga abu yana nan da ransa, na kuma ga an bar shi ya tafi, duk a cikin shekara bakwai, kuma ƙuruciyata ba za ta hana ni faɗa ba.

Akwai wata tsohuwa da kowa yake kira Innar Levenshulme. Ta zo ƙasar nan tun kafin a haifi Mama, mijinta likita ya rasu ya bar ta a wani ƙaramin gida cikin jerin gidajen jan bulo, can bayan Stockport Road. Ba ta haɗa jini da kowa a cikinmu ba, amma duk Bahaushiyar da ta haihu a Manchester a hannunta take wankan jego, domin uwayensu suna can gida, biza ba ta fitowa a kan kari. A bayan gidanta akwai 'yar farfajiya da aka shimfiɗa wa duwatsu, kwandon shara a gefe ɗaya, igiyar shanya a ɗaya gefen, turmi a tsakiya an kifa masa tsohon faranti saboda ruwa. A jirgin ruwa ya zo. Bakinsa ya tsage an ɗaure shi da wayar ƙarfe, cikinsa ya yi ja ya yi santsi. Taɓarya biyu gare shi. Ɗaya tare suka zo, ɗayar kuma wani kafinta ne ya sassaƙa a nan da icen da ba mu san sunansa ba, fara ce mai nauyi, ana ce mata Baturiya.

Idan aka yi haihuwa, Asabar ta farko bayan an sallamo mai jego daga asibiti ita ce ranar dakan yaji. Ana kawo ta da jaririnta a kwantar da ita a ɗakin baya, daidai tagar da ke kallon turmin. Matan sukan fara isowa da hantsi, wannan daga asibiti ko barci ba ta yi ba, waccan daga uni da jakar littattafai, wata da katin aiki rataye a wuya. Kowa ta cire kot, ta yi ɗamara da mayafi, ta rufe hanci da gefen ɗankwali. Inna takan zauna a kan kujera 'yar tsugunno tana auna kayan da tafin hannu, barkono, citta, masoro, kimba, kanumfari, daddawa, tafarnuwa, gishiri. Ba a jima ba sai atishawa ta kama layi. Ana tsokanar wata likitar yara cewa mai riƙe allura ba ta iya riƙe taɓarya ba, ita kuma ta ce a ba ta Baturiya a gani. Idan hannu ya yi zafi sai a shiga lugude, mata biyu a turmi ɗaya, wannan ta sauke waccan ta ɗaga, wata ta cilla taɓarya sama ta tafa sau biyu ta cafe. Ƙarar takan bi ta dutse ta shigo ta tafin ƙafa. Ni aikina tankaɗe. Ina zaune a bakin ƙofar kicin da rariya da faifai, abin da ya ƙi wucewa in mayar turmi. Ba na magana, ba kuma wanda ya matsa mini in yi. Inna ce kawai takan ce, ƙawata tana ganin komai, ku yi hankali da ita.

Kada a ɗauka Inna maƙiyiyar inji ce. Tana da injin wanki, tana da bilenda da take markaɗa kayan miya, tana kiran Kano ta bidiyo kowace Juma'a. Amma ranar daka akwai wata ƙwarya a kan tagar kicin, duk wadda ta shigo a nan take ajiye wayarta. Mai jiran kira daga asibiti kaɗai ake ɗaga wa ƙafa, ita ma sai ta fita titi ta amsa. Kuma bilendar nan ba ta taɓa ganin yajin jego ba. Wata ta taɓa tambayarta dalili, ta ce injin ya cika sauri. Aka yi dariya, an ɗauka wasa take.

Ban san ranar da abin ya fara raguwa ba, domin ba a rana ɗaya ya ragu ba. Wata anti ta sayo injin niƙa mai ƙarfi, wanda yake mayar da busasshiyar citta gari kafin a tafasa shayi. Yajinsa ya fi laushi, ba zan yi ƙarya ba, kuma ba ya sa kowa tari. Aka buɗe group na mata a waya, sanarwar haihuwa ta koma can. Masu zuwa Levenshulme suka koma takwas, suka koma huɗu, wata Asabar daga Mama sai ni sai Inna, mai jegon ma ta aiko cewa ta gaji, a bar shi kawai. Babu wadda ta ce a daina. Kowa dai tana da aiki, kowa tana da uzuri na gaskiya. Sai Inna ta zame a matakala ta karya ƙugu, ɗanta ya zo ya tafi da ita gidansa a Birmingham, aka sa gidan a kasuwa. Ranar da muka je taya kwashe kaya na tarar da turmin a bakin titi tare da tsohuwar katifa. Na je na zauna a kansa. Baba ya kira ni sau uku ban tashi ba. Daga ƙarshe ya yi tsaki ya buɗe but ɗin mota. Haka turmin Inna, da tsohuwar taɓaryarsa, ya hau bene ya zauna a bayan ƙofar flat ɗinmu, aka mayar da shi ma'ajiyar lema.

A shekarar ce malamarmu ta nuna mana wasu mutane a Amurka da ake kira Amish. Ga su a keken doki a gefen babban titi, motoci suna wuce su. Ga gidajensu ba a jawo musu wutar lantarki daga titi ba. Ga maza da yawa a kan katako suna tayar da babban rumbun maƙwabcinsu da hannu, mata sun jera tebur a ƙasa suna zuba abinci. 'Yan ajinmu suka yi ta dariyar gemu da huluna. Ni abin da ya tsayar da ni wata 'yar bukkar katako ce a bakin hanya, nesa da gidaje. Malama ta ce waya ce a ciki, gidaje da dama suke amfani da ita. Ba su ce waya haramun ce ba, sun dai ce ba za ta shiga inda ake cin abinci ba. Ta ce kowace unguwarsu da nata tsari, wasu sun yarda da batir, wasu sukan shiga motar haya amma ba sa saya, kuma sukan zauna su duba abu kafin su karɓe shi, su ga ko zai raba su da juna. Ina jin haka sai ƙwaryar Inna ta faɗo mini a rai. Da malama ta tambaya ko akwai wanda yake ganin suna da gaskiya, hannuna ya ɗaga kafin in yi shawara da shi. Shekara shida ina makarantun garin nan ban taɓa ɗaga shi ba. Na ce ba tsoron inji suke ba, sun dai tambayi abin da zai ɗauke musu, mu kuwa abin da zai ba mu kawai muke tambaya. Wata yarinya a baya ta ce to in zo makaranta a kan doki gobe. Daga ranar Amish suke kirana a layin abinci. Na karɓi sunan, in sun kira ina juyowa.

Da sanyi ya shigo Mama ta haifi ƙanina. Aiki aka yi mata. Wayarta ta cika da addu'o'i da hotunan furanni, sai ƙara take ba ƙaƙƙautawa. Yaji kuwa har kwalba uku aka kawo, mai laushi, an manna masa takarda da sunan jariri. Amma kowace mai kawowa takan danna ƙararrawa ta uku, in sauka, ta miƙo mini daga bakin ƙofa, mota tana kunne a titi, ta ce a gaida mai jego, ba ta so ta dame ta. An yi suna a masallaci, maza suka ci abinci suka watse. Baba ya koma aiki. Ni kuma ina dawowa daga makaranta in tarar da shayin da na haɗa mata da safe yana nan, ya yi fata a sama. Ɗankwalinta yana ƙasa inda ya faɗi tun jiya. Tana shayar da yaron tana kallon bango. In na yi mata magana sai ta ce uhm. Ma'aikaciyar lafiya ta zo ta yi mata tambayoyi da Turanci, Mama ta ce lafiya lau take, aka bar mata takarda mai lambar waya a kan firji. Kwalaben nan uku ba a ko buɗe murfinsu ba.

Ranar wata Talata da la'asar na kwashe lemomin daga cikin turmin, na goge shi, na jawo shi tsakiyar falo. Na ninka tawul na sa a ƙarƙashinsa, ina ganin na yi dabara. Na zuba barkono da citta da abin da na samu a kicin, na ɗauki tsohuwar taɓaryar. Duk zamana a bakin ƙofar Inna ban taɓa lura cewa a kan dutse turmin yake ba, dutsen kuma a kan ƙasa. Ƙasan flat ɗinmu katako ne aka rufe da kafet. Bugu na farko kofuna suka amsa a cikin kabad. Na ci gaba. Ban kai bugu ashirin ba sai na ji an buɗe ƙofar ɗaki a bayana. Mama ce, ta dafa bango, gashinta a buɗe.

"Ba haka ake riƙewa ba," in ji ta. "Sassauta hannun. Ki bar ta ta faɗi da nauyinta."

Rabon da in ji ta haɗa magana mai tsawon haka tun kafin ta tafi asibiti. Ta matso ta gyara mini yatsu, ta leƙa cikin turmin ta ce cittar ta yi yawa, wa ya koya mini wannan ɓarna. Ta yi atishawa, ta kusa yin dariya, ta riƙe cikinta saboda ɗinki. A daidai nan aka fara dukan silin daga ƙasa da sandar tsintsiya.

Mai flat na ɗaya, wanda ke ƙarƙashin namu, wata tsohuwar Baturiya ce mai zama ita kaɗai. Shekara bakwai muna haɗuwa a ƙofa, gaisuwarmu ba ta wuce gyaɗa kai ba. Ita ce mai lambun da ke bayan ginin, ina ganinta ta tagar ɗakina tana share ganye daga kan duwatsun da ta shimfiɗa. Silin ɗinta ya tsage tun daga fitila har bango, filasta ta zubo mata a kan tebur. Ba ta hau ta yi faɗa ba, wasiƙa ta rubuta wa masu kula da gidan, su kuma suka rubuto wa Baba. Baba bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa. Ya ce a ƙasar mutane muke, ba zai bari a kore mu da jariri a kan wani guntun icce ba. Ya kira council, wato hukumar gari, suka ce za su zo su ɗauke shi Litinin ta sama. Na ce masa Mama ta yi magana ranar. Ya ce ya sani, GP, likitanmu na unguwa, zai gan ta, wannan aikin likita ne ba na taɓarya ba. Ban ce kada ta ga GP ba. Na ce dai ba za a ɗauki turmin ba. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

Ranar Lahadi muka tafi Birmingham kai wa Inna naman suna. Gidan ɗanta babba ne, shiru, kafet har bakin ƙofa. Tana zaune a wata kujera mai maɓalli da take tayar da ita tsaye, wani ɗan inji yana yawo a ƙasa yana shara shi kaɗai, tana ɗage masa ƙafa in ya zo wucewa. Ta rame. Baba ya ba ta labarin silin don ta yi mini faɗa, sai ta yi ta dariya har tana share ido da bakin mayafi. Ta ce ita ma haka ta yi shekarar da ta zo, a wani bene kusa da Oxford Road, har fitilar mutumin ƙasa ta faɗo. Sai ta daina dariya ta tambayi wa da wa suka zauna da Mama. Baba ya fara lissafa masu kawo yaji. Ta ce ba masu kawowa ta tambaya ba.

"Injiniya," ta ce masa, "kana tsammani yaji ne ya gagare ni saya shekara arba'in? Daka yana cin wuni guda. Wuni guda mace goma suna shiga ɗakin nan suna fita, wannan ta ga ko ta ci abinci, waccan ta ga ko ta yi kuka. Ita kuma tana kwance tana jin ana wahala saboda ita. Injin naku minti goma ne, ba ya ba kowa dalilin zama."

Baba ya sunkuyar da kai yana juya makullin mota a hannu. Ya ce ko ya yarda, ba shi da inda za a yi, flat ne. Inna ta juyo gare ni.

"Ƙawata, ki nemo ƙasa. Ni zan nemo matan. Ba saƙo zan tura ba, ɗaya bayan ɗaya zan kira su, in ji wadda za ta ce mini tana da aiki. Babu wadda ban cuɗa wa baya ba a cikinsu."

A hanyar dawowa Baba bai kunna rediyo ba. Sai da muka kusa shiga Manchester ya ce in na samo wuri kafin Asabar, wurin da ba cikin gidansa ba, zai kira council ya ce an fasa ɗaukar turmin. Ina jin ya faɗa ne don ya san ni. Ya san ko burodi aka aike ni saya, nakan zaɓi injin biyan kuɗi don kada in yi magana da mai kanti.

Na yi tunanin wurin shaƙatawa na unguwa, na tuna ba za a kwantar da mai jego a kan benci cikin sanyi ba. Na yi tunanin harabar masallaci, nan ma mota ake ajiyewa. Duk inda na zaga sai in dawo tagar ɗakina, in ga duwatsun nan a ƙasa, shimfiɗaɗɗu, a kan ƙasa ta gaske, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin Mama. A duk Whalley Range wuri ɗaya ne ya dace, kuma na matar da na zubo wa silin a kan tebur ne.

Litinin da na dawo daga makaranta ban hau sama ba. Na tsaya a gaban ƙararrawa shidan nan da jakata a baya, kamar ranar da muka zo. Takardar ta ɗaya ta koɗe, amma ana iya karanta sunan. Yau na san ƙarar wannan ƙararrawa kamar tamu, amma ranar ce na fara taɓa wadda ba ta uku ba. Ta daɗe kafin ta buɗe. Ta sa sarƙar ƙofa, ido ɗaya da rabin tabarau kawai nake gani. Ta bayanta na hango tsagar a silin, ta fi yadda na zata tsawo. Na ce ni ce yarinyar sama, ni na yi, ba babana ba, kuma na ba ta haƙuri. Ta ce ta sani. Ta tambaya me nake fasawa haka da rana tsaka. Na gaya mata komai da Turancin da ya rage a bakina, turmin, matan, shayin da yake hucewa, da maganar da Mama ta yi. Na gaya mata za a yi ƙara, ƙara sosai, daga hantsi har la'asar, kuma za ta yi atishawa ko ta rufe taga. Ban rage komai ba. Ba ta rufe ƙofar ba, sai na ji sarƙar ta zame.

"Ki ara mana lambunki ranar Asabar," na ce. "Ba zan ce miki za mu yi a hankali ba, ba a yin sa a hankali. Kuma in kin yarda, ki fito ki zauna tare da mu. Zan kawo miki ɗankwalin rufe hanci."